Shamuwar Inna Kulu

Tun da zafin bazara ya kankama Sa'idu ya canza hanya. In ya tashi daga bariki zai je duba sandunan awon ruwa, hanyarsa ta gaskiya ita ce ya bi kogi ya miƙe gabas. Amma yanzu sai ya karkata kwale-kwalensa cikin ɗan rafin da ya ratsa bayan Garin Baƙo, ko da ruwan ya janye har sai ya sauka ya tura da hannu, don kawai ya ga kan tsamiyar gidan Malam Haladu.

Kullum abu ɗaya yake gani. Rassa, ganye, da tsohuwar sheƙa wadda iska ta cinye rabinta.

Barikin da yake wa aiki, mutanen fadama suna ce masa Barikin Awo. Turawa ne suka gina shi a kan wani ɗan tudu ba nisa da Haɗeja, ɗakunan jinka ne da rumfa, da wani ƙaton gawo a tsakiya. Kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Masu awon ruwa su zo da damina su duba inda ambaliya ta kai a jikin sandunan ƙarfen da suka kakkafa. Su tafi, masu kifi su zo da kaka, su yi ta auna tarwaɗa da karfasa kamar za su ɗinka musu riga. Malaman gona na Zariya su zo su ƙulle ƙasa a tsumma su tafi da ita. Sai kuma wani dogon Bature mai bin tsuntsaye, wanda aka laƙaba wa Zalɓe saboda wuyansa da yadda yake tsayawa cikin ruwa ba motsi. Kowa ya zo ya kwana ɗakin da ɗan'uwansa ya tashi, ya dafa a tukunyar da aka bari, ya hau kwale-kwale ɗaya. Wanda ba ya zuwa ko'ina shi ne mai tuƙa kwale-kwalen, wato Sa'idu.

Ya taɓa tambayar Zalɓe yaushe za a gama wannan awo. Baturen ya yi dariya, ya ce masa da Hausarsa mai gargada ai ba a gamawa. Wai so suke jikokin jikoki su san yadda fadamar nan take a da, inda ruwa ke kaiwa, kifin da ke ciki, da tsuntsun da ke zuwa kowane wata.

Sa'idu bai ga laifin wannan ba. Shi dai ba shi da dogon lokaci irin nasu. Nasa wa'adin ruwan shuka ne.

Ga yadda abin ya samo asali.

A ƙasar nan ba a jifan shamuwa, ba a cin namanta, ba a taɓa sheƙarta. Ita ke zuwa gabanin damina, gidan da ta zaɓa kuma an ce yana da albarka. Shamuwa ta fara sauka a tsamiyar Malam Haladu ne shekarar da aka kawo masa Kulu amarya daga Auyo, tun daga nan kuma ba ta fasa ba. Duk shekara Inna Kulu za ta share gindin tsamiyar, ta ajiye kasko cike da ruwa, ta ce baƙinta sun iso.

Damina uku da suka wuce, Zalɓe ya so ya sa wa 'ya'yan shamuwa wani ɗan zoben farin ƙarfe a ƙafa, don ya gane ko waɗanda aka ƙyanƙyashe a nan su ne ke dawowa. Bulama, wato mai garin, ya zaga da shi gida gida, kowa ya ce a kai kasuwa. Ranar Malam Haladu ya tafi Kafin Hausa sayar da shinkafa. Inna Kulu ce ta aiko daga cikin gida cewa ta yarda, amma Bature ba zai shigo ba, sai dai Sa'idu, tunda shi ɗan gida ne, an riga an karɓi gaisuwar iyayensa a kan babbar 'yarta Barira.

Tana tsaye tana kallo ya hau. Barira ce ta riƙe masa tsani. Abin da Inna Kulu ta faɗa ranar, har yau yana kunnensa.

“Ni ma na daɗe ina son in sani. Shin 'ya'yan nawa ne ke dawo mini, ko baƙi nake shayarwa?”

Malam Haladu ya dawo ya ji, ransa bai so ba, amma bai yi faɗa ba. Da kaka zazzaɓi ya kwantar da Inna Kulu, kafin rani ya raba ta rasu. Da bazara ta zagayo shamuwa ta sauka ko'ina a garin, ban da tsamiyar gidan.

Ran nan Malam Haladu ya kira Sa'idu zaure. Bai ɗaga murya ba, shi ba mai ɗaga murya ba ne.

“Ban ce kai ka kashe ta ba, rai na Allah ne. Amma hannun da ya sa wa baƙin gidana mari a ƙafa, ba zan ɗora hannun 'yata a kansa ba, sai ranar da suka dawo suka nuna sun yafe.”

Aka yi damina ɗaya, aka yi ta biyu, ba su dawo ba. Bana tsohon ya ce ita ce ta ƙarshe. In ruwan shuka ya sauka shamuwa ba ta taka tsamiyar nan ba, Sa'idu ya cire rai.

*

Da la'asar Sa'idu ya sami Barira a bakin rafi tana wanke ƙore. Ya ɗaure kwale-kwalen nesa kaɗan, ya tsaya inda duk mai wucewa zai gan su, kamar yadda suka saba.

Barira ba yarinya ba ce yanzu. Sa'o'inta duk sun yi goyo, wasu na biyu. Tun rasuwar uwarta ita ke riƙe da gidan, ita ce daka, ita ce girki, ita ce mai tuna wa ubanta maganin tarinsa.

“Mai jirgi, ka biyo ta bayan gida yau ma,” in ji ta, ba ta ɗago ba. “Na ji karen maƙwabta.”

Ya ce ai hanya ce. Ta ce hanyar da ake tura jirgi da hannu cikin taɓo, lalle hanya ce mai kyau. Suka ɗan yi dariya, amma dariyar ba ta je ko'ina ba.

Sai ta gaya masa abin da ke ranta. Mutanen Auyo masu neman ƙanwarta Huseina sun sake zuwa. Sun gaji da zarya, har kawun yaron ya ce in bana ba a sa rana ba za su nema masa wata. Shi kuwa Baba ya ce ba zai aurar da ƙarama ya bar babba ba, don Inna tana kan shimfiɗar ajali ta roƙe shi kada ya bar Barira a baya.

“Jiya na same ta bayan rumbu tana kuka. Na dafa ta, ta ture hannuna. Ka san abin da ta ce mini?”

Ya girgiza kai.

“Ta ce, Yaya, ke kina jiran Sa'idu, Sa'idu yana jiran tsuntsu, ni me nake jira?”

Ƙwaryar da ke hannunta ta sulluɓe ta fara bin ruwa. Sa'idu ya shiga ya kamo ta, ya ajiye mata a kan sauran. Da ya dubi fuskarta hawaye sun riga sun kai haɓa.

Ya tambaye ta ko Baba ya matsa mata a kan Mala, mai fataucin bandan nan da shi ma yake neman ta. Ta ce ko kusa. Baba ya ce shi ba zai yi mata dole ba, in ta ga dama ta zauna har furfura, bakinsa dai ba zai furta an ba Sa'idu ba. Ta ce da ma dole ya yi mata, da ta sami wanda za ta ji haushi.

“Za su zo, Barira,” ya ce a hankali. “Iskar kudu ta fara. Zalɓe ya ce suna hanya.”

“Suna hanya bara ma.”

Ta share ido da gefen mayafi, ta ce akwai abin da ta lura da shi. Tun da Mala ya gina murahun bandarsa a bayan gida, hayaƙin kan tsamiyar yake tafiya safe da yamma. Ita a ganinta ko mutum ne ba zai kwana cikin wannan hayaƙin ba, balle tsuntsu. Ta faɗa wa Baba, ya ce hayaƙi ya girme ta a gidan nan.

Sa'idu ya dubi ruwa. Sannan ya ce zai je ya ga Mala.

*

Mala Zarami Babarbare ne daga wajen Nguru. Fataucin banda yake yi, ya sayi kifi a fadama ya ƙyafe, ya kai tashar Malam Madori a loda masa a jirgin ƙasa zuwa Kano. Yawon fatauci ya hana shi aure da wuri. A zauren Malam Haladu yake sauka, tun bara kuma ya aika da magabatansa a kan Barira, aka ce ya dakata.

Sa'idu ya same shi tsugune gaban murhu yana juya tarwaɗa, idonsa ja wur saboda hayaƙi. Mala ya tare shi da gaisuwar Barebari.

“Wushe, Sarkin Jirgin Nasara. Yau an auna ruwan? Nawa ya rage mana mu sha?”

Sa'idu ya gaishe shi yadda ya kamata, ya zauna a kan wani kututture. Ya daɗe yana zagaye kafin ya kai ga maganar. Da ya faɗa, Mala ya ajiye sandar juyin, ya yi dariya har da tari.

“Na yi yawo har bakin Chadi, ban taɓa ganin mai neman aure ya zo roƙon abokin takararsa ya taya shi kiran tsuntsu ba.”

Sa'idu ya sunkuyar da kai, ya ce ya san bai kamata ba, ba shi da wata ƙofar ne.

Mala ya bar dariya. Ya ɗaga kai ya dubi hayaƙin yadda yake murɗawa yana shiga rassan tsamiya. Ya ce shi a garinsu shamuwa har kan rumfar maƙera take sheƙa, bai yarda hayaƙi ne ba. Amma ya ce a kira masa masu ɗauko.

“Ina son ta, ba zan ɓoye maka ba. In ruwa ya sauka, washegari zan turo mutanena. Amma ba na son gobe ta dube ni ta ce hayaƙina ne ya ba ni mata.”

Kafin magariba an rushe murahun, an kai su can bakin gari wajen gorubobi. Sa'idu da kansa ya taya ɗaukar itacen. Yana tafe da dami a ka yana cewa a ransa da Mala mugu ne da abin ya fi sauƙi.

*

Shamuwa suka zo da hantsi, ranar wata Laraba.

Sa'idu yana cikin rafi ya ji yara sun ɗauki ihu. Ya ɗaga kai, ga su nan sama can, baƙaƙe, cikinsu fari, suna shawagi a hankali kamar ba su da gaggawar komai. Mata suka fito ƙofar gida da muciya a hannu. Tsofaffi suka fara maganar iri da gyaran gona.

Suka fara sauka. Wasu kan kukar Liman, wasu kan durumin kasuwa, wasu kan gawon gidan Bulama.

Guda biyu suka ware suka nufo gidan Malam Haladu.

Sa'idu ya saki sandar tuƙi. Daga inda yake yana hango kan Barira ta saman danga, ta fito da kaskon uwarta ta ajiye a gindin tsamiya, ta ja baya ta maƙale jikin rumbu don kada ta firgita su. Babu hayaƙi, babu motsi, ko akuya ba ta yi kuka ba.

Suka zaga tsamiyar. Suka sake zagawa ƙasa ƙasa, har ɗayar ta saki ƙafafu kamar za ta taka reshe. Sa'idu ya ji bakinsa yana karanta duk addu'ar da ya iya.

Sai ta naɗe ƙafafun, ta kaɗa fiffike, suka yi gabas.

Ya daɗe tsaye cikin taɓo. Bai shiga garin ba, bai san abin da zai ce mata ba. Ya ja kwale-kwalensa ya koma bariki.

Tun daga nesa ya hango Zalɓe tsaye tsakar gida ba hula, madubin hangensa a ido, yana yafito shi da hannu ɗaya. Da ya iso Baturen ya ɗora yatsa a baki, ya miƙa masa madubin, ya nuna masa kan gawo.

Shamuwa biyu ne. Ɗaya tana tsaye, ɗaya tana gyara wani kara a tsakanin rassa. Da mai karan ta juya, wani abu ya yi walƙiya a ƙafarta.

Sa'idu ya san zoben. Da yatsunsa ya matse shi. Kuma duk ƙasar nan ba gidan da ya yarda aka sa wa shamuwarsa zobe sai gida ɗaya.

Zalɓe ya kama hannunsa yana ta girgizawa. Ya ce shekara uku yana jiran wannan rana. Ya ce yau an san abin da ba a sani ba, 'ya'yan suna dawowa ƙasar da aka haife su, kuma aikin Sa'idu ne, zai buga waya Kaduna ya faɗi sunansa.

Sa'idu ya bari ya gama, sannan ya tambaye shi ko akwai dabarar da za a yi ta koma tsamiyar da aka ƙyanƙyashe ta. Baturen ya dube shi da mamaki. Ya ce tsuntsu inda ya ga dama yake sauka. Wataƙila baɗi ta koma can, wataƙila shekarar gaba, wataƙila ba za ta koma ba. A jira a gani, ai aikin ke nan.

Sai Sa'idu ya ba shi labarin duka, abin da bai taɓa yi ba. Zalɓe ya saurara, fara'arsa ta gushe. Ya ce zai ɗauki Bulama su je su yi wa tsohon magana, in ya ƙi akwai Hakimi.

Sa'idu ya ce a'a, ya gode. Matar da aka karɓo da hular Bature, ba zai iya kallon idon ubanta ba har ya mutu.

*

Labari ba ya kwana a fadama. Mai kawo nono bariki ta gani, kafin azahar duk Garin Baƙo an ji cewa shamuwar gidan Malam Haladu ta dawo da marinta a ƙafa, ta tare gidan Nasara.

Bayan la'asar tsohon ya zo da kansa, yana dogara sanda. Bai shiga ba, a bakin shingen kara ya tsaya. Sa'idu ya fito da sauri ya durƙusa, ya kawo masa tabarma, ya ƙi zama. Ya ce a kawo masa madubin Bature, ya ce idonsa ya ishe shi.

Ya daɗe yana kallon kan gawon. Can gabas kuwa gari ya fara haɗuwa, wani baƙin hadari yana tasowa daga ƙasa.

“Baba, ta dawo,” in ji Sa'idu. “Inna ta tambaya ko 'ya'yanta ne ke dawo mata. Ga shi Allah ya nuna. Nata ne. Duk shekarun nan ba baƙi take shayarwa ba.”

Leɓen Malam Haladu ya motsa. Ya sa bayan hannu ya goge ido, bai ɓoye ba.

“Nata ne,” ya ce. “Na gani.”

Sa'idu ya matso da gwiwoyinsa. Ya roƙe shi ya duba, daga nan zuwa tsamiyar tsuntsu ko gajiya ba zai yi ba, ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya ne. Ya ce in aikin barikin ne ba ya so zai bar shi yau, ya koma su da noma kamar ubansa.

“Da ba ta dawo ba sam, sai in ce mutuwa ta yi a hanya, in ba kaina haƙuri, wataƙila ma in ba ka haƙuri. Amma ta zo. Ta zaga gidan uwarta ina zaune a zaure ina kallo, ta ƙi shi, ta bi wanda ya sa mata mari. Yanzu na ga inda albarkar gidana ta koma da idona.”

“Baba...”

“Ban ƙi ka ba, Sa'idu. Allah ya sani ban ƙi ka ba. Amma na yi magana a gaban mutane, kuma a kan Kulu na yi ta.”

Ya juya ya kama hanyar gari, yana tafiya a hankali, iska tana kaɗa masa riga.

*

Zalɓe ya shige ɗaki yana rufe tagogi saboda hadari. Tsakar barikin ba kowa sai Sa'idu da gawon.

Ya dubi gabas. Hadarin ya ci rabin sama, yana jin ƙamshin ƙasa daga nesa. Ya dubi shamuwar, tana nan tana jera karanta.

Sai wani tunani ya zo masa. Ruwan bai sauka ba tukuna. In ta tashi daga nan a firgice, ina za ta nufa in ba inda ta sani ba? Taka reshe kawai ake so, ko sau ɗaya.

Bai taɓa jifan ko kare ba. Amma ya sunkuya ya ɗauki wani busasshen hogen ƙasa, ya auna shi a hannu, ya ja da baya.

“Mai jirgi.”

Barira ce tsaye a bakin shinge, kaskon uwarta a ka, tulu a hannu. Ba ta taɓa taka barikin nan ba sai yau.

“Ajiye.”

“Barira, in ta tashi za ta je gida. Kafin ruwan nan ya iso za ta je. Baba cewa ya yi ta taka tsamiya, bai ce...”

“Ta Inna ce. Kai za ka jefe ta?”

Hannunsa ya sauka. Hogen ya faɗi ya farfashe a gaban ƙafarsa.

Ta shigo ta wuce shi, ta je gindin gawon. Ta share wurin da tafin hannu, ta ajiye kaskon, ta cika shi da ruwa, kamar yadda uwarta take yi. Sannan ta ɗaga kai ta dubi tsuntsuwar, ta daɗe, hawaye suna bin kumatunta.

Sa'idu ya ce su tafi Haɗeja wurin alƙali. Ya ji an ce in uba ya hana aure ba dalilin shari'a, alƙali yana ɗaurawa. Jirgi yana nan a ɗaure, kafin duhu sun isa.

“In kai Baba gaban alƙali, a tambaye shi dalili, ya buɗe baki ya ce tsuntsun matata, mutane su yi masa dariya? Shi ke nan abin da ya rage masa nata. Ba zan iya ba.”

“To mu ƙara shekara ɗaya. Zalɓe ya ce wataƙila baɗi...”

“Zalɓe yana da baɗi, yana da shekarar gaba, yana da jikokin jikoki. Huseina ba ta da su.”

Sa'idu ya dubi kaskon. Shi ma sai ya ji fuskarsa ta jiƙe, bai san lokacin da ya fara ba.

Ta ce masa ta yi tunani tun hantsi. In ta koma za ta gaya wa Baba ya karɓi mutanen Mala, a haɗa bikin da na Huseina bayan kaka. Ta ce ba wanda ya sa ta. Mala mutumin kirki ne, shi ma Sa'idu ya gani.

“Kina son sa?”

“Kada ka tambaye ni abin da ka san amsarsa. In na faɗa da bakina ba zan iya komawa gida ba.”

Iska ta taso da ƙarfi, ta kwashi jinkar rumfa, gawon ya yi ta rangaji. Shamuwar ta gyara tsayuwa ta lafe a kan karanta, ko alamar tashi ba ta yi ba.

Barira ta ɗauki tulunta. Kaskon ta bar shi a nan.

“Ka riƙa zuba mata ruwa. Da safe Inna take canzawa, ba ta son ganye a ciki. Masu awon nan suna zuwa suna tafiya, kai ne kake nan.”

Ya ce to.

Ta kai bakin shinge ta tsaya, kamar akwai sauran magana. Ya jira. Sai ta ja mayafinta ta rufe kai, ta kama hanyar gari da sauri sauri.

Bai bi ta ba. Yana tsaye yana kallonta har gorubobi suka shiga tsakaninsu. Sannan ya ji wani ɗan sauti a bayansa, ya waiwaya.

Ɗigon farko ne ya faɗa cikin kaskon. Na biyu ya biyo, ruwan ciki ya yi ta zobe zobe yana buɗewa zuwa baki.

Can cikin Garin Baƙo mata suka ɗauki guɗa, ruwan shuka ya sauka.

Sa'idu ya tsuguna gindin gawon. Iska ta jefo wani busasshen ganye cikin kaskon, ya sa yatsa ya cire shi.